Launin koloni ya isa a raɗa wa ƙwayar cuta suna?

Autar Lab:
Assalamu alaikum, manyanmu na wannan zaure. Tambayata kan saɓanin da ke tsakanin littafi da benci ce. A aji an koya mana cewa ba a rubuta sunan bakteriya sai an bi matakai: rinin Gram da ke raba su gida biyu, masu fitowa shunayya (Gram-fozitif) da masu fitowa ja (Gram-negatif), sannan gwajin katalas ko oksidas, sannan sauran gwaje-gwajen sinadari. Amma a wuraren aiki da yawa, in an shuka fitsari a farantin MacConkey (ɗaya daga cikin farantan da ake shuka ƙwayoyin cuta a kai), koloni, wato tarin ƙwayar da ya tsiro, ya fito ruwan hoda, nan take ake rubuta E. coli a wuce zuwa gwajin magani. In mai yauƙi ne a ce Klebsiella. In mugunya ce ta ba da koloni ruwan zinare a ce Staph aureus. Wannan gajeriyar hanya karɓaɓɓiya ce a aiki, ko ganganci ne da aka saba da shi? A taimaka mana.

Gwanin Ido:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Littafi don cin jarrabawa ne, benci kuma wata makaranta ce daban. Mafi yawan ciwon mafitsara E. coli ke kawo shi, wannan ba a gardama a kai. Kuma kolonin E. coli yana da kamanninsa: shimfiɗaɗɗe, busasshe, hodarsa ta yi duhu, gefensa da wani hazo saboda gishirin bile da ya kwanta. Wanda ya daɗe yana buɗe faranti ba ya ɓata shi. Likita magani yake jira, ba suna ba. In na tsaya yin indol da sitrat da yuriyas a kan kowane fitsari, majinyaci zai ƙara kwana guda yana jira a kan abin da na riga na sani.

Malam Na-Benci:
Gwani, ka faɗi rabin gaskiya ka riƙe rabi. Ruwan hoda a MacConkey abu ɗaya tak yake faɗa maka: ƙwayar ta ci sukarin laktos ta fitar da asid. Iyakarsa ke nan. Klebsiella na cin laktos, Enterobacter na ci, Citrobacter ma wasunsu na ci. Kama da wane ba wane ba ne. Akwai E. coli mai yauƙi da za ka rantse Klebsiella ce, musamman a fitsarin masu roba da ta daɗe a jiki. Akwai kuma E. coli da ba ta taɓa laktos sam, ta fito fari fat ta zauna cikin sahun Shigella da Proteus.

'Yata Auta, ki sani gajeriyar hanya tana nan, kuma littattafan aiki sun yarda da ita. Amma ba ido zalla ba ce. Sharaɗinta: koloni ya ci laktos, ba ya malala a faranti, oksidas negatif, indol na nan-take fozitif. In waɗannan suka haɗu a samfurin fitsari, ki rubuta E. coli hankalinki kwance. Indol ɗin nan ba kwana yake ci ba. Takardar tacewa ce za ki jiƙa da sinadarin, ki shafa koloni, launi ya fito kafin ki gama rubuta lambar samfur. Sai dai ki ɗauko kolonin daga farantin jini, kada ki ɗauka daga MacConkey, don rinin da ke cikinsa yana rikita launin. To wanda bai iya ba da minti ɗaya ba, kada ya fake da majinyaci.

Gwanin Ido:
Malam, ranka ya daɗe, na ji. To a ce na kira Klebsiella da sunan E. coli. Na sa diskin magani, na auna faɗin da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa a kewayensa, na rubuta wanda ya ci da wanda bai ci ba. Me majinyaci ya rasa?

Likitan Yara:
Bari in shigo nan tunda mu ne masu karɓar takardar. Yaya Gwani, wallahi muna karanta sunan, wani lokacin ma kafin jerin magungunan. Kowace ƙwaya tana da magungunan da tun asali ba sa kama ta. Klebsiella ba ta jin ampisilin. Proteus ba ya jin nitrofurantoyin, wanda shi ne muke yawan ɗauka don ciwon mafitsara. Pseudomonas ba ya jin seftirayazon. In na ga takarda ta ce Klebsiella kuma ampisilin ya ci, na san an yi kuskure a wani wuri, ko a sunan ko a diskin, sai in ɗaga waya. In sunan ƙarya ne, wannan ƙararrawar ba za ta taɓa kaɗawa ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Enterobacter cloacae. A faranti sai ya nuna seftirayazon ya ci. A fara ba majinyaci, bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya dawo, a sake shuka a tarar ya daina ji, saboda yana ɗauke da wani enzayim mai suna AmpC a ɓoye, magani ne ke zaɓo waɗanda suka buɗe shi su yawaita. In aka rubuta min E. coli ba zan yi wannan tunanin ba ko kaɗan. Haka Proteus a fitsari: in yana maimaituwa, sai in fara neman tsakuwar ƙoda, don yuriyas ɗinsa yana mai da fitsari alkali tsakuwa ta ginu.

Af, shi ma Theodor Escherich da aka raɗa wa E. coli sunansa likitan yara ne, a bahayar jarirai ya bayyana ta a 1885. Saboda haka muna da gado a maganar.

Anti Mai Aga:
Likita ya rage min aiki. Abin da zan ƙara: faɗin da'irar da muke aunawa ba ya da ma'ana sai an san ta wace ƙwaya ce. Ku buɗe jadawalin CLSI ko na EUCAST, hukumomin da ke tsara ƙa'idar gwajin magani, za ku ga an raba shi gida-gida. Dangin E. coli da shafinsu, Pseudomonas da nasa, Staph da nasa, Enterococcus da nasa. Faɗi iri ɗaya zai iya zama "ya ci" a wannan shafi, ya zama "bai ci ba" a wancan. Hatta zaɓen diskin da za a ɗora daga suna yake farawa. Tun 1966 da Bauer da Kirby da abokan aikinsu suka daidaita wannan hanya, komai nata a ƙa'ide yake: agan Mueller-Hinton (aga shi ne abincin ƙwaya da ake zubawa a faranti) mai kaurin milimita 4, kaurin ruwan ƙwaya daidai da 0.5 na ma'aunin McFarland. Ba zai yiwu a kiyaye duk wannan a bar sunan ga hasashe ba.

Gaskiya ɗaya da zan ba Gwani: E. coli da Klebsiella shafi ɗaya ake karanta su. Amma ranar da fararen kolonin nan suka zama Acinetobacter ko Pseudomonas, shafin ya canza gaba ɗaya.

Ɗan Tsako:
Afuwan manya, ni sabon shiga ne. In ƙwaya ta tsiro a MacConkey ai an riga an san Gram-negatif ce. Me ya sa za a sake ɓata gilashi a yi Gram?

Malam Na-Benci:
Tambaya mai kyau, ɗana. Na farko, MacConkey ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ba a sa masa kiristal bayolet ba, a kansa Enterococcus na tsirowa, 'yan mitsi-mitsin koloni jajaye, Staph ma na tsirowa. Duba jikin gwangwanin garin da kuke dafawa kafin ka amince. Na biyu, yawancin rikicin ba a MacConkey yake ba, a farantin jini da na CLED da ake shuka fitsari yake, inda kowa ke tsirowa.

Ga misalin da nake so kowane ɗalibi ya riƙe. Fitsari ko suwab, farantin jini, washegari ka ga ƙananan koloni farare masu santsi. Ka ɗiga haidurojin feroksaid, kumfa ta tashi, wato katalas fozitif. Ka yi kowagulas, gwajin daskarar da filasma, bai daskare ba. Hannu na rawa ka rubuta Staph marar kowagulas, har ka ɗora diski. Da ka shafa a gilashi ka rina, da ka ga wasu manya-manyan ƙwayoyi masu siffar ƙwai, sun ninka Staph girma nesa ba kusa ba, wasu da ɗan toho a gefe. Candida ce, yis, ba bakteriya ba ma. Babu diski ɗaya cikin waɗanda ka ɗora da ya shafe ta. Katalas bai yi maka ƙarya ba, kai ne ka tambaye shi abin da ba hurumin sa ba. Katalas yana raba Staph da Strep ne bayan Gram ya riga ya ce 'yan dunƙule ne Gram-fozitif. Kafin nan kumfarsa ba ta nufin komai, don E. coli ma na kumfa, Bacillus ma na yi.

Hans Christian Gram ɗan ƙasar Denmak ne, a Balin ya ƙirƙiro wannan rini ya wallafa a 1884, yana neman ganin ƙwayoyi a huhun waɗanda ciwon nimoniya ya kashe. A ɗakin gwajin Carl Friedländer yake, wanda Klebsiella pneumoniae ta daɗe ana kiranta da sunansa. Shekara fiye da 140 ke nan, har yau babu abin da ya ture shi daga matakin farko.

Amma shi ma Gram ɗin yana da inda yake zamewa, kuma kusan kullum a wajen wanki ne. Kiristal bayolet da aidin ba su cika ba da matsala ba. Barasar wanki ko asiton ita ce alƙali. Ka bar ta ta daɗe, Staph ya wanke ya fito ja. Ka yi shafi mai kauri, tsakiyarsa ba ta wankuwa, E. coli ta fito shunayya. Karkata gilashin, ka zuba har ruwan da ke gangarowa ya daina ɗaukar launi, ka ɗauraye nan take. In samfurin mugunya ne, dubi fararen ƙwayoyin jini da ke ciki: in cibiyarsu ta fito ja, wankinka ya yi, in ta fito shunayya, bai isa ba. Sannan tsohon koloni ba abin yarda ba ne, bangonsa ya fara lalacewa, Bacillus na kwana biyu sai ya fito rabi ja rabi shunayya. Acinetobacter kuma akasin haka yake yi, Gram-negatif ne amma yana riƙe shunayya, ga shi gajere dunƙulalle, a kwalbar jini sai a ɗauke shi Staph ko Strep.

Autar Lab:
Baba Malam, Allah ya ƙara ilimi. To maganar Staph aureus fa? Launin zinare da kowagulas na gilashi sun wadatar?

Anti Mai Aga:
Launi dai ki ajiye shi gefe, Auta. Aureus da yawa farare ne, musamman a kwanan farko, kuma Micrococcus ya fi shi rawaya. Kafin kowagulas ma, ki kula da katalas ɗinki: in daga farantin jini kike ɗauka, taɓa saman koloni kawai da sandar katako, kada ki kankaro agan, don jajayen ƙwayoyin jini suna da nasu katalas, za su ba ki 'yar kumfa ki mai da Strep ya zama Staph.

Kowagulas na gilashi da na kwalba ba abu ɗaya suke aunawa ba. Na gilashi yana neman abin da ke manne a jikin ƙwayar, na kwalba yana neman enzayim ɗin da take sakewa cikin ruwa. In za ki yi na gilashi, ɗigo biyu na ruwan gishiri za ki sa, ki dama koloni a kowanne har ya yi fari sumul, sannan ki sa filasma a ɗaya kawai. In wanda ba filasma ya yi gudaji da kansa, gwajin ya rushe, ki tafi kwalba. In na gilashi negatif ne, nan ma ki tafi kwalba, don akwai aureus da ba ya nunawa a gilashi. Ita kwalbar a duba ta a awa 4 a inkubeta, a karkata a hankali ba a girgiza ba. In ba komai, a bar ta ta kwana a zafin ɗaki. Wanda ya jefa ta inkubeta ya tafi sai gobe yana iya tarar da ruwa tsululu, alhali ta daskare da dare ta narke, saboda wasu aureus suna fitar da abin da ke narkar da gudajin da suka yi.

Filasmar zomo mai EDTA ita ce ta ƙa'ida. Filasmar mutum tana iya ɗauke da magani ko garkuwar da za ta hana daskarewa, mai sitrat kuma ƙwayoyin da ke cin sitrat suna daskarar da ita a banza.

Likitan Yara:
Anti, wannan gwajin a wajenmu ba ƙaramin abu ba ne. Kwalbar jini ta ba da aureus, magani ne ta jijiya na aƙalla mako biyu, da neman inda ya ɓuya, zuciya ko ƙashi. Ta ba da marar kowagulas a kwalba ɗaya cikin biyu, sau da yawa daga fatar majinyaci ya shiga lokacin ɗiban jini. Amma a jaririn da bai kai wata ba mai layi a jijiya, shi ma ɗin yana iya zama cutar gaske. Kun ga ɗigon filasma ɗaya ke raba hanyoyin nan.

Malam Na-Benci:
Kuma kada a tattara marasa kowagulas duka a zuba a kwandon shara. Staph saprophyticus a fitsarin mace matashiya cuta ce sosai, diskin nobobayosin ke fito da shi, ba ya jin sa. Staph lugdunensis kuwa yana iya yin gudaji a gilashi ya ƙi a kwalba, kuma ɓarnarsa a bawul ɗin zuciya ba ta da maraba da ta aureus.

Strep ba zan ja ba, hanyarsa a share take. Kore-kore a farantin jini, ɗora diskin optocin: da'ira ta kai milimita 14, pneumoniae ce, in ana shakka a narkar da bile. Wanda ya wanke jinin tas, a nemi rukuninsa na Lancefield, in babu kayan, PYR ko basitirasin don rukunin A, gwajin CAMP don rukunin B. Enterococcus ya baƙanta bile eskulin ya tsiro a gishiri kashi 6.5 cikin 100.

Gwanin Ido:
To ni dai ban janye duka ba. Akwai ƙwayoyin da ke gabatar da kansu. Proteus ya malale farantin jini zobe-zobe, wa zai ce ba shi ba ne? Pseudomonas ya rina aga kore, gefensa na ƙyalli, ka ɗaga murfi ka ɗan sunsuna ka ji ƙanshinsa. Waɗannan ma sai na yi musu layin kwalabe?

Anti Mai Aga:
Gwani, don Allah ka daina sunsuna faranti, kuma kada ka koya wa yaran nan. Ba ka san abin da ya tsiro ba sai bayan ka gano shi, hanci kuma ya riga ya shaƙa. Brucella na cikin ƙwayoyin da suka fi kama ma'aikatan lab a duniya, kuma ta iska take shiga, 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa. Neisseria meningitidis ta kashe ma'aikatan lab da suka yi aiki da ita a buɗaɗɗen benci. Duk abin da ya fito daga jini ko ruwan laka, ƙanana, Gram-negatif, mai jinkirin tsiro, wanda ya ƙi MacConkey, a cikin akwatin kariya ake taɓa shi.

A kan tambayarka kuma, e, malalar Proteus shaida ce mai ƙarfi, ban musa ba. Amma indol ɗaya zai raba maka mirabilis da vulgaris, kuma jin maganinsu ba ɗaya ba ne, vulgaris ba ya jin ampisilin tun asali. Pseudomonas mai launi da oksidas fozitif, rubuta aeruginosa, babu mai tuhumarka. Ka lura dai ko a nan sai da oksidas ya shigo. Kuma shi ma yana da tarkonsa: wayar nikurom tana ba da launin ƙarya, sai sandar katako ko gefen gilashi, ana karantawa cikin daƙiƙa 10, abin da ya yi shuɗi bayan minti guda iska ce ta yi aikinta.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, maganar sunsuna faranti ta rufe, ba muhawara a kanta. A ci gaba.

Ɗan Tsako:
Malam, bahaya ce ke ruɗa ni. In na ga koloni mai baƙar cibiya a farantin XLD ko SS da ake shuka bahaya, ba Salmonella ba ce?

Malam Na-Benci:
Baƙin yana cewa an fitar da iskar haidurojin salfaid, shi ke nan. Proteus na yi, Citrobacter freundii na yi, kuma dukansu mazauna hanjin mai lafiya ne. Farkon abin da za ka yi, soka shi a yuriya. Proteus cikin 'yan awoyi zai mai da ita hoda mai haske, ka sallame shi. Wanda ya bar yuriya yadda take shi ne abin bi.

Sai TSI, kwalbar aga mai gangare a sama, kuma ina so ka fahimce ta maimakon haddace jadawali. Sukari uku ne a ciki: gulukos kaɗan, laktos da sukuros kowanne ya ninka shi sau 10. Ka soka allura har gindi, ka ja zane a gangaren sama, ka sassauta murfi. Ƙwayar da gulukos kawai take ci za ta fara mai da kwalbar duka rawaya. Da ɗan gulukos ɗin ya ƙare, a saman inda iska take sai ta koma cin furotin, gangaren ya koma ja, gindin ya zauna rawaya. Ja a sama, rawaya a ƙasa: Salmonella, Shigella, Proteus mirabilis duk nan suke. Mai cin laktos ko sukuros kuwa abincinsa ba ya ƙarewa da wuri, sama da ƙasa rawaya. Daga nan za ka gane dalilin da ya sa ake karantawa tsakanin awa 18 da 24. Ka karanta da wuri, Shigella ta yi maka kama da E. coli. Ka ɗaure murfi tamau, gangaren ba zai koma ja ba, ka jefar da Salmonella da hannunka.

Yawancin Salmonella suna cika gindin da baƙi, iska ta tsaga agan. Typhi ba haka take ba: ba ta iska, baƙinta ɗan siriri ne a inda allura ta shiga, kuma sitrat ɗinta negatif. Mai neman baƙi ƙirin zai wuce ta. Shigella ba baƙi, galibi ba iska, kuma ba ta motsi. Bayan duk wannan, hukuncin ƙarshe na antisiram ne. In babu, rubuta "ana zaton Salmonella ce", ka tura gaba.

Kwalara ma haka: koloni rawaya a farantin TCBS bai isa ba. Sake shuka a aga marar zaɓe, daga can ka yi oksidas, don daga TCBS kai tsaye yakan ba da negatif na ƙarya.

Ɗan Zamani:
Da girmamawa ga iyayenmu, duk wannan doguwar muhawara na'ura ta riga ta kashe ta. MALDI-TOF: ka shafa koloni a farantin ƙarfe, ka ɗiga sinadari, leza ta harba, cikin 'yan mintuna suna ya fito a kwamfuta. Ba TSI, ba jiran gobe. Nan da wasu shekaru waɗannan kwalabe sai a gidan tarihi.

Malam Na-Benci:
Ɗana, ban raina na'urar nan ba, ta kawo sauƙi na gaske, musamman a ƙwayoyin da ba sa son iska da waɗanda da sai a yi mako ana fama. Amma tambayi masu aiki da ita: E. coli da Shigella ba ta iya raba su yadda ya kamata, don furotin ɗinsu kusan ɗaya ne. Bahaya ta ba ka fararen koloni, na'ura ta ce E. coli, dole ka dawo kan laktos da indol da motsi da antisiram. Pneumoniae da danginta na baki irin su mitis sun daɗe suna ba ta wahala, optocin bai yi ritaya ba. Salmonella za ta ce maka Salmonella ce, ba za ta ce Typhi ba. Kuma abin da ba ya cikin ma'ajiyarta ba ta san shi ba.

Uwa-uba, ba ita ke zaɓen koloni ba. Faranti mai iri uku, wane za a ɗauka? Wannan aikin ido ne, a nan Gwani yake da gaskiyarsa.

Anti Mai Aga:
Haka kayan gano suna irin su API 20E da VITEK. Kwali mai rijiya 20 zai ba ka lamba, lamba ta ba ka suna, ko da koloni biyu ka haɗa ka dama. Ba ya cewa "a gauraye nake". Sai ka ga sunan wata baƙuwar ƙwaya da ba ka taɓa ji ba, alhali E. coli ce da Proteus suka cakuɗe. Shi ya sa duk ruwan ƙwayar da aka dama, a ɗiga kaɗan a wani faranti a gani gobe ko iri ɗaya ne ya tsiro. In suna ya zo baƙo, fara zargin tsarkin koloni kafin ka yi murnar gano sabon abu.

Sannan sinadaran kansu, wa ke gwada su? Haidurojin feroksaid na kashi 3 cikin 100 haske da zafi suna mai da shi ruwa, kwalba na nan cike amma ba ta kumfa, sai kowane Staph ya zama Strep. Sinadarin oksidas in ya fara shuɗi a kwalba ya mutu. Ku ajiye sanannun ƙwayoyi: E. coli ATCC 25922, Staph aureus ATCC 25923, Pseudomonas aeruginosa ATCC 27853. Da su ukun nan za ku gwada Gram da katalas da kowagulas da oksidas da indol da sitrat, har da diskin magani. Gilashin Gram ma, shafa aureus a gefe ɗaya, E. coli a ɗaya gefen, a rina tare da na majinyaci.

Gwanin Ido:
To, indol na nan-take na karɓa, oksidas ma na karɓa, ba su da cin lokaci. Amma har yanzu ina kan bakana cewa fitsarin wanda ya zo da ƙafarsa ba sai an yi masa abin da ake yi wa jini da ruwan laka ba. Kuma rabin matsalar fitsari ba a suna take ba. Samfur ya yi awa huɗu a kan tebur kafin ya iso, ƙwayar da ke iya ninka kanta cikin minti 20 in ta samu yanayi, me 100,000 a mililita zai nuna? Iri uku suka tsiro, ni ba na bin ko ɗaya, sabon samfur nake nema.

Malam Na-Benci:
A wannan ba mu da saɓani. Zurfin bincike gwargwadon inda samfur ya fito ne. Abin da ba na yarda da shi ɗaya ne, a rubuta abin da ba a gwada ba. In iyakar abin da ka yi kallon MacConkey ne, rubuta "sandar Gram-negatif mai cin laktos". Ba abin kunya ba ne, kuma likita ya san inda ka tsaya.

Likitan Yara:
Wannan ya fi min sunan da aka ƙaga sau dubu. Roƙona ɗaya kafin in koma ɗakin majinyata: in kwalbar jini ta nuna tsiro, kada ku jira suna ya kammala. Ku rina Gram ku kira mu a lokacin, ko tsakar dare ne. "Dunƙule Gram-fozitif gungu-gungu" ko "sanduna Gram-negatif" ya ishe ni in canza magani a daren.

Autar Lab:
Likita, in dunƙulen bibbiyu ne ko a sarƙa fa, shi ma a faɗa a wayar?

Anti Mai Aga:
A faɗa, Auta, don gungu yana nuni ga Staph, bibbiyu ko sarƙa kuma Strep ko Enterococcus, maganinsu ba ɗaya ba ne. Ki faɗi kwalba nawa ce ta tsiro cikin nawa, da awa nawa ta ɗauka. Ki sa wanda ya ɗaga wayar ya maimaita miki abin da kika faɗa, sannan ki rubuta sunansa da lokacin a littafin benci.